Amsa: Shin mai zanen gini zai iya tsara min har da kayan ɗaki?

Malam, ka ce ka sayi fili a Tumfure, kana tambaya ko mai zanen gini ɗaya zai riƙe maka komai, daga yadda gidan zai zauna a fili har gado da kujeru. Zai iya, kuma ni na fi son haka.

Ni kafinta ne a nan Gombe. Bara na kai gado shida-da-shida gidan wata amarya, ɗakin ƙafa goma ne kowane ɓangare. Da muka jingina wadirof, ƙofa ta ƙi buɗuwa sai rabi, taga kuma ta faɗa bayansa. Uwar amarya ni ta yi ta yi wa faɗa, alhali birkila ne ya zana ɗakin da sanda a ƙasa. Da an auna kayan tun a takarda, da ƙafa biyu kacal za a ƙara.

Amma fara da waje. Ka san Gombe da zaizayar ƙasa, don haka a duba inda ruwan damina ke bi kafin a haƙa tushe, a bar tazarar titi da kwata, sannan hukumar tsara birane ta amince da zanen. Wanda za ka ɗauka, tambaye shi rajistarsa ta ARCON, wato hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya. Masu zanen da suka yi karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi ba su da wuyar samu.

Katako kuwa, kada ka yarda da ɗanye. Hunturu na shigowa zai tsage, ƙofofin su karkace. Allah ya sa a gama lafiya.