Tambaya da Amsa: Keken da Baba Ya Bari, Rali Ne Ko Kama Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar wani baƙin keke a zaure, tun yana aikin reluwe a Sabon Gari yake hawansa, yanzu ya fi shekara 20 a jingine duk tsatsa ta ci shi tayoyin ma sun ruɓe. Yayyena sun ce Raleigh ne, wato Rali, na Ingila, amma wani mai gyara ya kalla sau ɗaya ya ce na Caina ne aka manna masa tambari, wai in kawo ya kankare ya fesa masa sabon fenti ya canza komai. To ya zan gane gaskiya, kuma in bari a fesa ɗin? Daga mai karatu a Kwarbai, birnin Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai, kar ka bari kowa ya sa masa samfefa tukuna, don abin da zai gaya maka asalin keken yana jikin wannan tsohon fentin da ƙarfen, in aka kankare shikenan an goge shaida.

Fito da shi tsakar gida da rana, ka samu tsumma da ɗan kananzir ka goge gaban firam ɗin inda tambari yake. Na Raleigh ƙarfe ne da aka kafe da ƙananan ƙusoshi, akwai kan zalɓe a sama da dogon baki, an rubuta Nottingham England, garin da kamfanin yake kenan. Phoenix na Shanghai shi ma tsuntsu ne a tambarinsa, shi ya sa mutanenmu ke rikicewa kowanne a ce mai tsuntsu. Amma ni tambari kaɗai ba ya gamsar da ni don ana cirewa a maƙala wa wani, ka duba ko akwai wasu ramuka a gefe da ba su dace da ƙusoshin ba. Abin da ya fi wuyar yi wa ƙarya shi ne kafaɗar fok, wato inda ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba suka haɗu a sama. A tsohon Raleigh wurin kamar guntun bututu ne a kwance, kowane gefe da ɗan farin ƙarfe mai loɓawa ciki da za ka iya sa kan yatsanka. Sai kuma babban faifan da sarƙa ke hawa, in ba a rufe yake cikin kwano ba, da yawansu za ka ga an huda siffar kan zalɓen nan a jikinsa zagaye. In waɗannan ukun suka haɗu to yayyenka ne da gaskiya.

In kuma ka ga wani tambarin daban kar ka yi saurin raina shi. Phillips zaki ne, Rudge tafin hannu ne a buɗe, BSA bindigogi uku ne, ga kuma Humber da Hercules, duk na Ingila ne, kuma daga baya duk gida ɗaya suka koma, Raleigh ya sayi Humber a 1932, Rudge a 1943, ɓangaren kekunan BSA a 1957. Kuma ko na Caina ne ko Hero na Indiya ai keken Baba ne dai, gyaran duk kusan ɗaya ne.

Maganar shekara, in yana da giya uku duba cibiyar tayar baya, ka goge man da ya daskare za ka ga an buga Sturmey-Archer, sunan kamfanin da ya ƙera cibiyar, kusa da shi akwai lambobi, biyun farko shekara na gaba wata, misali 68 da 4 yana nufin Afrilun 1968. Sai dai shekarar cibiyar ce wannan, in an taɓa canza tayar to lissafi ya canza. Mara giya kuma sai ka nemi lambar firam a ƙarƙashin sirdi ko can ƙasa inda feda ke juyawa, ka rubuta ka ajiye.

Fenti kuwa ra'ayina a bar shi. Baƙin fentin nan na da gasa shi ake yi, yana da kauri, in ka wanke da ruwa da sabulu ka shafa ɗan mai ka goge sai ka ga siraran layukan ruwan gwal sun fara fitowa a madgad da firam, da farin fentin nan na wutsiyar madgad ɗin baya, wlh babu mai feshin da zai dawo maka da su yadda suke. Inda tsatsa ta ci har ƙarfe ya fito nan kaɗai za ka kankare ka ɗiga baƙin fenti da ƙaramin burushi. Kan keken da sandunan birki da rim, wato fararen ƙarafan, samu takardar alminiyom irin ta naɗe abinci ka dunƙule ka tsoma a ruwa ka dinga gogawa a hankali, tsatsar sama za ta tashi ba tare da ta karce ba. Notuna da ƙananan kaya a jiƙa su a kananzir su kwana.

Ga inda aka fi kashe waɗannan kekunan, ka karanta wa mai gyaran naka. Zaren notin Raleigh na Nottingham daban yake, 26 ne a inci ɗaya a wurin kofunan feda, wato waɗanda ake murɗawa cikin firam inda feda ke juyawa, da wuyan fok, na yawancin sauran kekuna kuma 24. Kofin da aka sayo a kasuwa zai shiga zagaye ɗaya biyu sai ya cije, mai gyara kuma in ba ya da haƙuri sai ya ɗauko babbar sifana ya danna da ƙarfi, ya cinye zaren firam ɗin gaba ɗaya. Don haka tsoffin kofunan nan kar a yar, a wanke su, a canza ƙwayoyin boris kawai a cika giris. Fedar hagu ma a tuna baibai take kwancewa. Ita kuma kotar da ke riƙe hannun feda, a sassauta notinta ya zo daidai bakin zaren, a tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa sannan a buga guduma sau ɗaya mai kyau, ƙananan bugu ashirin lanƙwasa ta kawai suke yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na sayo sabuwar taya an rubuta 28 a jiki, keken kakana ma 28 ne, amma mun yi mun yi ta ƙi hawa rim har mun fasa tub biyu. Ko an cuce ni ne? Daga ɗalibi a Samaru.

AMSA: Ƙanena ba lallai an cuce ka ba, 28 ɗin ne iri biyu. Tsoffin kekuna masu birkin sanda tayarsu 28 x 1½ ce, faɗin bakinta milimita 635, su kuma kekunan gwanjon nan da ake kawowa daga Turai da yawansu ana rubuta musu 28 amma 622 ne, kaga ta gaza da milimita 13, ko ku goma kuka taru ba za ta hau ba. Duba gefen tayar da kyau akwai ƙaramar lamba, nemi mai 635. Ka mayar da ita, kuma wannan karon ka kwance rim ɗin ka tafi da shi kasuwar Sabon Gari a gwada a gabanka. Tun da ka kwance, a duba sifok ɗin a daidaita rim ya zama da'ira sosai, don birkin sanda daga ciki yake jan rim sama, in rim ɗin yana tsalle birkin zai dinga kamawa yana saki. Kuma ka sani farin rim na ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya ci da wuri, da damina ka fara kamawa tun daga nesa, balle wajen Kwangila da manyan motocin nan.

TAMBAYA: Sirdin keken maigidana na fata ne an rubuta Brooks a baya, ya bushe ƙamas ya fara tsagewa, yara sun ce a jiƙa shi da baƙin mai. Sannan akwai ɗan tsagu a firam kusa da sirdin. Daga wata uwargida a Tudun Wada.

AMSA: Hajiya a hana su dan Allah, baƙin mai zai sa fatar ta saki ta lotse, kuma duk farar rigar da Alhaji ya hau da ita ta gama yawo. Ɗan man kaɗanya kaɗan a kan yatsa ya isa, a shafa ta ƙasa da sama a ajiye a inuwa ya sha, bayan kwana biyu a goge a sake, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Akwai noti a ƙarƙashin hancin sirdin na ɗame fata, kar a taɓa shi sai fatar ta yi laushi, shi ma rabin zagaye kawai, in aka ɗaure busasshiyar fata daga wajen ƙusoshin za ta yage.

Tsagun firam ɗin ya fi damuna. Bututun waɗannan kekunan cusa su aka yi cikin mahaɗa aka narka tagulla ta riƙe, ba irin waldar ƙofa da taga ba ce, mai waldar lantarki zai iya huda shi don bututun ba kauri gare shi ba. A kai wa mai waldar gas da ke aiki da tagulla, a cire sirdin da sandarsa kafin a sa wuta, kuma kar Alhaji ya sake hawa sai an gyara.