Biki da suna sun cinye mani karatu

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a cikin garin Katsina, ina da aure da yara huɗu. NCE gare ni, kuma kin san yadda aikin gwamnati yake, mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarsa, mai digiri a na 8. Sai ki ga yarinyar da kika koyar ta zo ta wuce ki. Shi ya sa na shiga karatun digiri na ƙarshen mako, Asabar da Lahadi. To Anti, Asabar da Lahadin nan ba nawa ba ne.

Mu dangi ne masu yawa, ga na maigida su ma Allah ya yi su da yawa. Wannan satin kamu, wancan wuni, na gaba suna, kafin a huta an yi rasuwa, ga zaman makoki, ga sadakar uku, ga ta bakwai. In ban je ba a ce na fara girman kai. Akwai ranar da na shirya tsaf, na saka hijabi, jakata a kafaɗa, yaro ya je tsayar mani da kurkura, wato Keke Napep, sai ga sallamar matan yayyen maigida, wai sun biyo in raka su barka Kofar Marusa. Haka na ajiye jakar bayan ƙofa na bi su. Da yake ban faɗa wa dangi ina karatu ba saboda gudun baki, sai dai in ce ina da 'yar hidima, su ce wace hidima ce ta fi zumunci.

Ranakun aiki kuwa in na taso daga makaranta ga girki, ga shirya yara Islamiyya, ga littattafan ɗalibai da zan duba. Da dare in na buɗe takarda sai barci, in farka in gan ta a ƙirjina. Na rubuta jadawali na manna a bango, bai yi sati ba ya zama ado. Yanzu darasi biyu na faɗi. Wallahi ba lalaci ba ne Anti, lokacin ne ba ya isa, kuma mutane ba su da tausayi, su dai a je, a je. Ni yaushe zan yi nawa? Ko in haƙura da karatun ne?

Wata malama daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Karatu ba za ki bar shi ba, wannan mu ajiye shi gefe. Ba na son in ɗora wa kowa laifi tunda ban ji ta bakin dangin ba, amma akwai magana ɗaya da kika faɗa a tsakiya kika wuce, kuma ita ce ciwon: kin ce ba su san kina karatu ba. To da me za su tausaya maki? A ganinsu ranar Asabar kina gida ba aiki, kin kuma ce 'yar hidima. Matan da suka same ki da jaka a kafaɗa ba su san lacca suka hana ki ba. Jadawalin da ke manne a bangon ɗakinki ke kaɗai kika san da shi, shi ya sa ya mutu.

Tsoron baki na gane shi, amma maganinsa azkar ɗin safe da yamma da dogaro ga Allah. Neman ilimi ba abin ɓoyo ba ne. Ki zauna da maigida ku daidaita, sannan shi da bakinsa ya sanar da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa kina makaranta Asabar da Lahadi daga safe zuwa la'asar. In daga wurinsa ta fito, ba mai cewa girman kai ne. Ke kuma ki faɗa wa naki.

Daga nan ki rarrabe hidimomin, don ba nauyinsu ɗaya ba. Gaisuwar mutuwa da dubiya haƙƙi ne, ki je, amma ba dole sai kin wuni ba, kuma bayan la'asar ma ana karɓar gaisuwa. Biki kuwa ki zaɓi zama ɗaya, ki aika gudummawarki da wuri. Barka ana yin ta ranar Talata kamar yadda ake yin ta ranar Asabar. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ba a ce sai a lokacin lacca ba.

Bari in juyo gare ku masu karatu, musamman mu mata. Wannan ɗabi'a ta faɗo wa mutum gida ba sanarwa, a ce taso ki raka mu, ga waya a hannun kowa, ba ta dace ba. A Suratun Nur, aya ta 28, Allah ya ce in aka ce ku koma, ku koma, shi ya fi tsarki a gare ku. Amma yau in mace ta ce tana da uzuri sai a ɗaure mata fuska wata guda, a kai ta gaba wajen suna. Ku ji tsoron Allah, ku riƙa bugo waya kafin ku zo.

Batun barci kuma, ƙanwata, jikin da ya wuni a gaban allo da murhu ba zai karanta komai da dare ba. Ki daina yaƙi da shi. Ki kwanta bayan isha'i, ki mayar da karatun bayan sallar asuba, ko minti 40 ne kafin yara su tashi. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Kayan makarantar yara da na karin kumallo a haɗa su tun dare, manyan cikinsu su taya ki. Littattafan ɗalibai ki duba su a makaranta lokacin da ba ki da aji, kada su biyo ki gida. Darussa biyun da kika faɗi su za ki fara ba wannan lokacin na asuba, kuma ki nemi wata a ajinku mai ƙoƙari ku riƙa bita tare bayan lacca kafin kowa ta hau kurkura.