Kafin ka canza kwamfutar giyar motarka

Malam, ka ce motar aikinka ta maƙale a giya ta 3, kana tambaya ko ka canza kwamfutar giya. Don Allah dakata tukuna. A jona mata sikana, wato na'urar da ke karanta lambobin matsalar mota. Idan lambar U0101 ta fito, sadarwa ce ta yanke, sau da yawa kuma fis ne, ko wayar as (ta gindi), ko batir mai rauni. Tawa da na cire soket, jiƙe na same shi da man giya, ƙafafunsa sun yi kore. Wankewa kawai aka yi.

In ta tabbata ta mutu, sayi mai lamba ɗaya da tsohuwar. Cire kan batir kafin ka taɓa ta, a saita sabuwar da lambar shasi, sannan a tuƙa a hankali ta koyi canjin giya.