Koton da ya dace da gasar kamun kifin bas a Guntersville

Ɗan'uwa, ka tambayi koton roba da za ka riƙe a gasar kaka a tafkin Guntersville na jihar Alabama ta Amurka. Da ruwa ya fara sanyi a Oktoba, ƙananan kifin shad kan kutsa cikin rafuka, bas kuwa yana biye da su. To, nemi fari ko mai ruwan azurfa, daidai girman shad ɗin. Da asuba jefa mai yawo a saman ruwa, kusa da ciyawa. In iska ta taso, koma wa mai ƙarfen nan da ke juyawa yana walƙiya. Ni shi na fi yarda da shi. Kada ka cika akwati da tarkace. Ka kuma auna kifinka, wanda bai kai inci 15 ba sai a sake shi.