Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gangamin ciwon daji

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ƙungiyarku duk shekara tana tattaki da raba takardu kan ciwon daji, amma har yanzu mata sai ciwo ya ci jiki suke zuwa asibiti, to me ya rage?

Na daɗe ina aikin sa-kai a wannan fanni a nan Zariya. Abin da na gani shi ne, wayar da kai ba ta biyan kuɗin mota. Za ki gamsar da mace a Tudun Wada ko Samaru cewa ƙullutun da ke mamanta na buƙatar gwaji, ta yarda, ta koma gida ta lissafa kuɗin zuwa asibitin koyarwa da ke Shika da na gwaji da na magani, sai ta ɗaure zaninta ta nufi mai maganin gargajiya. Bayan wata shida a kawo ta ciwon ya fashe, tana rufe shi da tsumma. Ba jahilci ba ne ya kai ta nan, babu ce.

Shi ya sa nake ganin ku karkata ƙarfinku wajen masu riƙe da doka da kasafi. Dubi rigakafin HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Da sai mai hali ke saye. Da gwamnati ta sa shi cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, ya iso Kaduna a 2024, 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 suka samu kyauta. Haka Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da aka fara a 2021, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na cikin asibitoci shida da aka fara da su, ya shafi sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (wato prostate). Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, ƙungiyoyi da likitoci ne suka yi ta matsa lamba tare.

Sai dai doka a takarda daban, a unguwa daban. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 sigari, ta hana sayar da shi kara-kara. Wace tireda ce ta daina? Wannan abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

Don haka kada ku tafi ku kaɗai. Ku haɗa kai da ungozomomi, malaman Islamiyya, masu unguwanni da ƙungiyar ma'aikatan jinya, ku ɗauki buƙata ɗaya tak, misali a riƙa gwajin bakin mahaifa kyauta a asibitocin sha-ka-tafi na ƙaramar hukumarku. Ku rubuta, ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku na jiha tun kafin a kammala kasafin kuɗi, ku kuma riƙa komawa kuna tuni. Ku tafi da wadda ta warke ta yi magana da bakinta, in ta amince. An fi saurarenta fiye da mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dafa muku.