Ɗaukar ɗan koyon aiki ba biya a sabon kamfani

Ɗan'uwa, ka ce kamfaninku bai fara samun ko sisi ba, kana tambaya ko ya dace ku ɗauki ɗan koyon aiki ba biya.

Duba wa zai fi cin moriya. Da wannan ma'aunin ma'aikatar ƙwadago ta Amurka take aiki tun 2018. In zai zauna kusa da kai yana koyo, kana gyara masa, na ɗan lokaci, da sauƙi. In kuwa shi zai riƙe kwastomomi safe da yamma, ma'aikaci ne, rashin kuɗinku bai halatta cin guminsa ba. Kuma ɗan talaka ba zai jure ba, abin da ke damuna ke nan.

Kada ka yi masa alkawarin hannun jari da baki. Ku rubuta sa'o'in aiki da ranar gamawa, lauyan ƙwadago ya duba, don doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.