Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Birtaniya, kan tambayarsa ta taron masoya labaran kimiyya

Salam ƙanena, ya gida ya su Hajiya, Allah yasa kowa lafiya. Naga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Kace makaranta ta baka gurbin mastas, kana ta fama da takardun biza, sannan can ƙasan saƙon kamar mai jin kunya ka tambaya wai da gaske ne ana yin irin tarukan nan na masoya fina-finai da littattafan almarar kimiyya, na su jiragen sama jannati da mutum-mutumi da duniyoyin da babu su, kuma ɗalibi irinka musulmi mai ɗan kuɗi ƙalilan zai iya zuwa? Kace a gida abokanka dariya suke maka, wai ƙato dakai kana kallon fim ɗin yara. To wannan tambayar ta ƙarshe ita zan fi tsayawa akai, don maganar biza kowa zai baka amsa, wannan kuwa ba kowa zai ɗauke ta da muhimmanci ba, ni kuma ta taɓa ni sosai.

Da gaske ne ana yi, kuma naje da ƙafata. Wanda naje sunansa Worldcon, shi ne babban taron duniya na masu wannan harkar, tun 1939 aka fara shi a New York, kuma duk shekara gari yake canzawa. A 2024 Allah ya kawo shi Glasgow a Sikotland, daga Alhamis 8 ga Agusta zuwa Litinin 12, karo na 82 kenan, kuma karo na uku da garin ya karɓi baƙuncinsa bayan 1995 da 2005. Ni lokacin ina Manchester ina rubuta kundin gama mastas, naira ta faɗi warwas, kuɗin da ake turo min daga gida in an canza su zuwa fam sai kaji kamar ka yi kuka, aiki kuma doka bata yarda ɗalibi ya wuce awa 20 a sati ba lokacin karatu, kuma wallahi kada ka kuskura ka wuce ko da awa ɗaya, bizarka ce a kan layi. Wata uku nayi ina ware 'yan fam daga albashin sito ɗin da nake lodin kaya kafin kuɗin suka haɗu. Abinda ya taimaka shi ne suna da rangwame ga wanda zuwansa na farko ne, da kuma katin ragi na jirgin ƙasa da ɗalibai ke iya yanka, yana cire maka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Wannan katin ka yanke shi satin farko da ka sauka, ko ba don taro ba.

Mu huɗu muka tafi. Ni, da wani abokina ɗan Damagaram mai karatun injiniya, da wani ɗan Nima ta Accra da Hausarsa ta zango mai daɗin ji, sai wani Bature ɗan ajinmu wanda shi ne ma ya fara kawo maganar. Yadda muka haɗu da shi kuwa, wata rana ne a laburare ya hango hoton wani jirgin sama jannati a fuskar kwamfutata, ya tsaya yace kai ma kana kallon wannan? Shikenan. Kafin ranar nayi wajen wata biyar a ƙasar nan babu wani ɗan ƙasa da ya taɓa min magana da ta wuce sannu da yanayin gari. Ka riƙe wannan da kyau ƙanena, don sanyi ana sabawa dashi, abinci ma ana sabawa, amma kaɗaici shi ke karya mutane a nan, lokacin hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu yayi, ka dawo ɗaki kai kaɗai, ka kira gida kowa na sha'aninsa. Nasan yara masu ƙoƙari da suka zube a karatu ba don kansu baya ja ba, sai don babu wanda zasu zauna suyi hira dashi. Abin nan da ake maka dariya akai a gida, shi ya samo min abokai a nan.

Sai dai satin da zamu tafi ba sati bane mai daɗi. Bayan kisan yaran nan mata uku a Southport ƙarshen Yuli, aka yaɗa ƙaryar cewa musulmi ɗan gudun hijira ne ya aikata, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Ingila da yawa, aka kai hari masallaci, aka kai hari otal-otal da ake ajiye masu neman mafaka a Rotherham da Tamworth, har nan tsakiyar Manchester anyi hatsaniya. Kwana da kwanaki daga wajen aiki sai ɗaki. Hajiyarmu ta kira tace kada in fita ko ƙofar gida. Daren Laraba muka zauna mu huɗu muna shawarar ko a fasa, ɗan Damagaram yace shi dai gabansa na faɗuwa, Baturen nan yayi shiru can yace in kun fasa nima na fasa, in kuma zaku je to ƙafata ƙafarku har mu dawo. Na faɗa maka wannan ne don kada in zana maka ƙasar kamar aljanna, akwai masu ƙinmu kuma basa ɓoyewa, akwai kuma irin wannan yaron. Muka yi addu'a, da safe muka kama hanya. Sikotland dai Allah ya tsare, abin bai kai can ba.

Awa uku da 'yan mintuna jirgi ya kaimu Glasgow Central, daga nan ka sauka ƙasa ka hau wani ƙaramin jirgi tasha biyu zuwa Exhibition Centre. Kana fita akwai wata doguwar gada mai rufi kamar bututu, ja, ita zata kaika har harabar wajen taron, wanda ake kira SEC, a bakin kogin Clyde. A cikin bututun nan na fara gane inda nazo. Gabana wata tsohuwa ce da sandar dogarawa, gashinta fari fat, ta saka rigar ma'aikatan jirgin sama jannati na wani tsohon shirin talabijin, gefenta jikanta da takobin roba mai haske, bayanmu wani dattijo na jan akwati cike da littattafai zai kai a sa masa hannu. Babu mai kallon wani balle dariya. Ɗan Nima ya dafa ni yace kai ɗan'uwa, ashe ba mu kaɗai bane.

Abinda ya bani mamaki, duk girman taron nan da dubban mutane, 'yan sa kai ne ke gudanar dashi, masoyan ne da kansu, wanda ya baka baji a ƙofa wataƙila farfesa ne ko direban bas. Kuma ba kasuwar sayar da hotunan 'yan fim bace, yawanci zama ne ake a ɗakuna, mutum huɗu ko biyar a gaba suna tattauna maudu'i ɗaya na awa guda, sannan a baiwa jama'a dama suyi tambaya. A lokaci ɗaya ana iya yin zama fiye da goma, dole ka zaɓa, kuma in baka kama layi da wuri ba ɗaki ya cika. Mun shiga na masana kimiyya na gaske masu aikin taurari, mun shiga na yadda ake fassara labari daga wani harshe zuwa wani. Akwai babban zaure na masu sayar da littattafai sabbi da tsofaffi, nan ne aljihu ke kuka, ka yanke wa kanka iyaka tun kafin ka shiga. Akwai wajen baje zane-zane, akwai daren da masu shigar kwaikwayo ke hawa dandamali da kayan da suka ɗinka da hannunsu wata da watanni.

Cikin manyan baƙin da aka karrama a shekarar akwai Nnedi Okorafor, marubuciyar nan da aka haifa a Amurka iyayenta 'yan ƙabilar Ibo, wadda ta taɓa cin kyautar Hugo a 2016. Ganin 'yar Najeriya a wannan matsayi, layin masu jiran ta sa musu hannu ya miƙe har ya lanƙwasa, abin ya min daɗi ƙwarai. Ita Hugo ɗin ita ce babbar kyautar wannan fanni, tun 1953 ake bayarwa, kuma mambobin taron ne ke zaɓe da ƙuri'a, ana bayarwa daren Lahadi a wani gini da suke kira Armadillo saboda siffarsa tayi kama da wata dabba mai wannan sunan. A shekarar ma masu kula da zaɓen sun fito fili sun ce sun gano ƙuri'u 377 na bogi sun soke su, suka yi bayani dalla-dalla tun kafin ranar. Na girmama su akan wannan.

Maganar addini da ka tambaya, ga yadda muka yi. Mu matafiya ne, don haka muka riƙa ƙasaru muna haɗa azahar da la'asar, magariba kuwa a Glasgow a watan Agusta sai wajen ƙarfe tara na dare. Ranar farko na tambayi wata 'yar sa kai inda zamu ɗan yi salla, bata yi wani mamaki ba, ta raka mu da kanta har wani lungu mai shiru, ɗan Damagaram ya duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu. Ranar Juma'a muka bar taron muka tafi babban masallacin Glasgow dake tsallaken kogi, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga babbar tasha, abokinmu Bature ya zauna a wani shagon shayi yana karatu har muka idar. Da daddare akwai shagulgula a otal-otal kuma ana shan giya, wannan gaskiya ne, mu dai da an gama zaman ƙarshe sai mu kama hanyar masauki, babu wanda ya taɓa tsare mu da tambayar don me. Abincin halal ba wahala a garin, akwai 'yan Pakistan da yawa musamman ta unguwar Pollokshields, amma na cikin harabar taron akwai tsada, mu da safe muke dafa shinkafa da wake a ɗakin da muka kama mu huɗu, mu zuba a kula, da mai da yaji. Af, tunda na ambaci abinci, kada ka yarda a cusa maka kilishi ko dambun nama a jaka ranar tahowa, an hana shigo da nama daga ƙasashenmu, ƙwacewa zasu yi. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya su zaka nema.

Yanzu ga abinda yasa na zauna na rubuta maka duk wannan. Ranar Asabar bayan wani zama akan labaran Afirka, anyi maganar Legas, anyi ta Nairobi da Afirka ta Kudu, na fito raina na ɗan sosuwa don banji an ambaci komai namu ba, kuma ba laifin kowa bane, mu ne bamu zo ba. Na zauna a wani benci ina cin shinkafata, wata dattijuwa 'yar Sikotland da bajinta ya sha ƙyallaye kala-kala har gwiwa, alamar ta daɗe tana zuwa, ta zauna kusa dani ta tambaye ni daga ina. Nace arewacin Najeriya, harshena Hausa. Tace kuna da irin waɗannan labaran a harshenku? Sai na tuna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito tun 1969, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi ya zaga dashi sararin samaniya, na karanta shi ina ƙaramin yaro a ɗakin kawuna, bangon ma ya yage. Na bata labarin iya abinda na tuna. Matar nan ta ajiye kofin shayinta, ta ciro wani ɗan littafi da biro tace in rubuta mata sunan harafi bayan harafi, ta maimaita shi sau uku har ta iya faɗin wutsiya daidai. Tace shekara sama da arba'in tana wannan harkar bata taɓa jin labarinsa ba. Daga nan hira ta ɓalle, ɗan Damagaram ya kawo tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, na kawo macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ɗan Nima ya kawo labaran aljanun da kakarsa ke basu, har mutum biyar suka taru a kanmu suna saurare, muka rasa zama biyu da muka yi niyyar shiga bamu ma lura ba. A jirgin dawowa babu wanda yayi barci cikinmu.

Kada ka zaɓi makaranta saboda taro, ka zaɓa saboda kos ɗin da kuɗin da iyayenka zasu iya ɗauka, kuma ka sani banda kuɗin makaranta da na biza akwai na lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin ka taso. Shi Worldcon yawo yake, a 2025 Seattle ya tafi a Amurka, samun bizar can kuma wani aiki ne daban. Amma a nan cikin Birtaniya akwai Eastercon da ake yi duk hutun Ista, shi ma gari yake canzawa kuma yafi kama da wanda na baka labari, sannan akwai MCM Comic Con a zauren taron ExCeL na Landan wajen Mayu da Oktoba, wannan yafi cunkoso da matasa da shigar kwaikwayo, kana iya yankar tikitin kwana ɗaya ka dawo a ranar ba sai ka biya masauki ba. Kusan kowace jami'a kuma tana da ƙungiyar ɗalibai masu son wannan fanni, satin farko da ake baje teburan ƙungiyoyi ka nemi ta musulmi ka rubuta sunanka, ka nemi wannan ma ka rubuta.

In Allah yasa bizar ta fito ka sauka a Satumba, na Oktoba zamu je tare, yaran nan duk suna nan kuma na riga na basu labarinka. Abu ɗaya nake roƙo, kafin ka taso ka leƙa wajen masu sayar da littattafan Hausa a kasuwa ka nemo min Tauraruwa Mai Wutsiya, ko tsoho ne, kwafi biyu in an samu. Ɗaya nawa, ɗaya na dattijuwar nan, har yanzu muna gaisawa, kuma nayi mata alƙawarin zan zauna in juya mata babin farko zuwa Turanci. Ka gaida su Hajiya.